A BA MU BURTALI DA RUWA, SA'AN NAN A YI MAGANAR KARSANAR TURAI



Shekarun nan da wuya manyan gwamnati su yi taro a Yawunde, ko Garwa, ko Marwa, a tashi ba a ambaci wadatar abinci da noma mai ɗorewa ba. Har an yi wa abin shiri na musamman na 2024 zuwa 2026, wai a rage sayo abinci daga waje a koma cin na gida, kuma madara na cikin jerin abubuwan da aka lissafa. Mu ba mu da ja da wannan niyya. Duk wanda ya ga yadda buhun dawa ke tashi da bazara ba zai ƙi a yi maganar abinci ba. Inda muke da magana shi ne wurin da ake fara awo. Kowace Alhamis karar Bogo tana cika da shanun Cadi, da na yayre, da na rugagen Diyamare. Daga nan wasu su nufi Nijeriya, Mubi ko Maiduguri har Ikko, wasu kuma su gangara Ngaundere su wuce Yawunde da Duwala. Naman da miliyoyin mutane ke sa wa a miya ke nan, amma in an zo rabon kuɗin shiri sai ka ga hankali ya tafi wani wuri dabam.

A 2020 an sauke karsana 165 masu ciki, irin Montbéliarde na Faransa, a filin jirgin saman Garwa, ƙarƙashin shirin PRODEL wanda Bankin Duniya ya ba rancen dalar Amurka miliyan 100 a 2016. Shanu ne masu nono, ba mu musa ba. Sai dai saniya ce mai son inuwa, da ruwa a gabanta dare da rana, da abinci a kwano. Ku kora ta daga Mulfuday zuwa Bogo cikin watan Afrilu ku ga abin da zai rage. Mai hali zai iya ajiye goma a bayan gari ya sayar da kindirmo, madalla. Amma garken da ke ciyar da ƙasa, watau ja na Bororo, da fari, da gudali, da na Shuwa, da ƙafa yake neman abincinsa, kuma ƙafar ce ake ta tsukewa.

Tun da Turai ake kallo, bari mu ɗauki ƙasar da ta fi kowace zama ta shanu a can, watau Ayilan. Mutanenta miliyan 5 da ɗoriya ne, shanunta kuwa sun haura miliyan 6, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na nama da madarar da take samarwa waje take kai su. Su ma, ke nan, da cinikin ƙetare suke ci kamar mu. Sun san yunwa, gama a 1845 zuwa 1852 cutar dankali ta jawo yunwar da ta kashe mutum kamar miliyan ɗaya. Bambancinmu da su shi ne ruwan sama. Can ana ruwa kusan kowane wata, ciyawa kore ce mafi yawan shekara, mutum ya kewaye fili da waya ya saki shanu. Mu nan daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran wata takwas sai abin da ƙasa ta ajiye.

Bayan ruwan sama kuma akwai aljihun hukuma. Tun da Ayilan ta shiga ƙungiyar Turai a 1973 manominta yake karɓar tallafi, kuma na 2023 zuwa 2027 kaɗai ya kusa yuro biliyan 10. Tsofaffin cikinmu sun san ɗacin wannan tallafi ko da ba su taɓa jin sunan ƙasar ba. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 nama ya yi wa Turai yawa har rumbunan sanyi suka cika, sai aka riƙa biyan 'yan kasuwarsu lada don su kwashe shi su zubo a tashoshin jiragen ruwan Afirka. Daskararren nama mai kitse ya riƙa karya farashin sa mai rai a Abijan da Akara, fataken Mali da Barkina da Nijar suka rasa kasuwa. Sai a 1993, bayan an yi ta ƙorafi, Turai ta rage ladan, sa'an nan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, naman waje ya yi tsada, shanun Sahel suka sake samun hanya. Abin lura a nan, ba wanda ya canja irin shanunmu a wannan shekara. Alƙalami ne ya rufe kasuwar, shi ne kuma ya buɗe ta.

Yau abin ya koma madara. A Afrilun 2015 Turai ta ɗage iyakar da ta sa wa yawan madarar da kowace ƙasa za ta tatsa, Ayilan ta saki jiki, cikin 'yan shekaru madararta ta ƙaru da fiye da rabi. Sukan cire man shanun su sayar da tsada, abin da ya rage su haɗa da man kwakwar manja su busar ya zama gari, a zubo mana a buhu mai kilo 25. Ayilan na cikin manyan masu turo wannan gari Afirka ta Yamma, inda kuɗin duwan a kansa kashi 5 cikin 100 ne kacal. To ina matar ruga mai ƙwaryar nono za ta iya da wannan? Kada falke ya ce ai shi ba nono yake sayarwa ba. Rugar da nono bai riƙe ta ba, karsana take fitarwa kasuwa don ta sayi hatsi, kuma garken da ya sayar da karsanarsa bana, shekara huɗu masu zuwa ba shi da bijimin da zai sayar mana.

Ga kuma inda abin ya kai su. Bayan an zuga manomi ya ci bashi ya ƙara shanu, sai kashin shanu da takin zamani suka fara ɓata koguna, aka kuma lissafa cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na iskar da ƙasar ke fitarwa mai ɗumama duniya daga gona da garke take. A 2022 gwamnatinsu ta ɗora wa noma rage wannan iska da kashi 25 cikin 100 kafin 2030, a 2023 kuma wata takardar ma'aikatar gona ta fito fili tana lissafin rage shanun tatsa 200,000 cikin shekara uku, ƙasar ta ɗauki surutu. Masu ruwan sama da kuɗin Turai ke nan suke laluben yadda za su ja da baya. Don haka in wani ya zo da takarda ya ce mana ɗaure shanu wuri ɗaya a tara su shi ne ɗorewa, yawo kuwa ɓarna ne, muna da damar mu ce ya dakata.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar da ruwa ke sauka wata huɗu, abin da ke hana fili mutuwa shi ne garke ya ci ya tashi, ciyawa ta huta. Da damina shanu suna tudu, da kaka su shiga karan gona su bar wa manomi taki, da rani su gangara yayren Logon inda ambaliya ta ajiye ɗanyar ciyawa. An taɓa gwada abin da ke faruwa in aka yanke wannan zagaye. A 1979 aka gina dam ɗin Maga don shinkafar SEMRY, ruwa ya daina malala a babban yanki na yayre, ciyawar da ke daɗewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka watse. Da aka sake buɗe wata hanyar ruwa a 1994, ciyawa ta fara dawowa, shanu ma suka dawo. Shinkafa abinci ce, ba mu ce a'a ba, amma an auna buhunan da aka samu, ba a auna nama da nono da kifin da aka rasa ba. Kuma kowa ya ga abin da ƙarancin ruwa ke haifarwa. A Disamban 2021 rigimar makiyaya da masunta a ƙasar Logon Birni ta kai har Kusiri, aka ƙone kasuwar shanu, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Wannan ma maganar abinci ce, ko da ba a rubuta ta a babin abinci ba.

Burtali kuwa ba sai mun faɗa wa masu kora ba. Inda dā garke ɗari biyu ke wucewa a sake, yau auduga ta ci gefe, masakwa ta ci gefe, wani wurin ma an toshe ɗungum sai a hau kwalta. Doka tana nan. Tun 1978 aka kafa kwamiti a ƙarƙashin kowane sufurfe, da sarki, da malamin gona, da malamin dabbobi, da manomi, da makiyayi, aikinsa ya raba filin noma da na kiwo ya kuma sasanta rigima. Amma galibi ba a ganin kwamitin sai shanu sun shiga gona an zo ƙiyasin ɓarna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke nema shi ne a ba kwamitin nan kuɗin aiki ya fita kafin shuka, a kafa turakun siminti a kan manyan burtalan da suka taso daga Yagwa da Mulfuday zuwa Bogo har iyakar Nijeriya, a haƙa rijiya ko tafki a kowane zango. Ba aikin da ya fi ƙarfin baitulmali ba ne, tun da an iya ɗauko shanu a jirgin sama.

Sai turto, watau tunkuzar angurya, wadda ake samu a matatun man SODECOTON na Garwa da Marwa. Shi ne ke riƙe shanun turka da garken da bazara ta kama. Kowa ya san yadda farashinsa ke haurawa daga Maris, bayan masu kuɗi sun saye sun ɓoye. Gwamnatin da ke maganar wadatar abinci ta iya ware wani kaso a sayar ta hannun ƙungiyoyin makiyaya da masu turka a kan farashi sananne.

Inda aka yi daidai kuwa mu faɗa. Ɗakin haɗa allurar dabbobi na LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa, wanda aka kafa a 1983, shekarar da bushiya ta yi ta kwantar da garkuna a nan da Nijeriya, ya yi wa ƙasar nan aikin da karsanar waje dubu ba za ta yi ba. A 2011 aka shelanta an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Saura ciwon huhu, da saifa, da harbin daji, kuma maganinsu allura ce da ta isa ruga a kan lokaci.

Abu biyu ne muke ganin ya kamata a kwaikwaya daga Ayilan. Na farko takarda. Can kowane maraƙi kafin ya cika wata guda an sa masa lamba a kunnuwa biyu, an rubuta shi, kuma da wannan shaida yake tafiya har mayanka. Mu da satar shanu ta addaba, har gwamnan Borno ya rufe wasu kasuwannin shanu a 2016 saboda ana sayar da na sata don ciyar da Boko Haram, mun fi su bukatar shaidar da za ta raba falken kirki da ɓarawo. Muna da fasfon dabbobi na CEBEVIRHA, amma na ƙasashen sefa na Afirka ta Tsakiya ne, Nijeriya ba ta ciki, ita tana bin tsarin ECOWAS na 1998. Sa guda, hanya guda, takarda biyu, ga shingaye a tsakani kowane da bakinsa, wani da rasit wani babu. Alhali Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya duk suna zama a teburi ɗaya a Hukumar Tafkin Cadi tun 1964. A nan ya kamata a fitar da takarda guda da kowa zai girmama. An buɗe gadar Yagwa da Bongor a 2025, mun yi murna, amma in gada ta rage kwana ɗaya shinge ya ƙara biyu, ina ribar? Balle tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi, wanda ya sayi sa da sefa ya sayar da naira ya san ribar ta zama siririya, ba ta da ƙarfin ɗaukar kuɗin hanya irin na dā.

Na biyu shi ne baki ɗaya. Tallafi bai sauko wa manomin Ayilan daga sama ba. A Oktoban 1966 shugaban ƙungiyarsu, Rickard Deasy, ya taso da ƙafa daga garin Bantry, tafiyar kilomita wajen 350, manoma suka yi ta shiga ayari har Dabilin. Da ministan gona Charles Haughey ya ƙi ganinsu, mutum tara suka zauna a matakalar ofis kwana 21. Tafiyar ƙasa dai ba za a koya mana ita ba, masu korarmu suna yin wadda ta fi wannan. Abin da suka fi mu shi ne sun je da lissafi, kuma da murya ɗaya.

Saboda haka muna roƙon kowane ɗan ƙungiya, daga wannan kaka, ya ba shugaban masu korarsa ko direban tirelarsa ɗan littafi. A rubuta ranar tashi, da yawan shanu, da kowane wurin da aka tsaya, da abin da aka biya, da ko an ba da rasit. A rubuta inda burtali ya toshe, da zangon da aka kwana ba ruwa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, akwai masu juyawa. A miƙa wa sakatare ranar Alhamis a Bogo, 'yan'uwanmu na wajen Garwa kuma su tara nasu a Adumri, don in aka kira taron shiri na gaba wakilanmu su shiga da littattafan nan a hannu.