Ra'ayinmu: Mai Zane Ya Nuna Mana, Saura Mu Duba Gonakinmu



Wani zai ce me ya haɗa mu da mai zane, mu da ke fama da rashin tsaro a Sabon Birni da Isa? Ku ba mu aron kunne.

Farfesa Jerry Buhari, haifaffen jihar Kaduna a 1959, ya daɗe yana koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Yawancin aikinsa a kan ƙasa yake, da irin ɓarnar da ɗan Adam ke yi mata. A 2009 ya baje zane-zanensa a Legas a kan mutum da ƙasa. A 2013 kuma aka nuna aikinsa na malalar man fetur a Washington ta Amurka. Bai dasa itace da fentinsa ba, amma yakan sa mutum ya tsaya ya dubi abin da ya saba wucewa.

Mu ba mu da malalar mai. Tamu ɓarnar ita ce kututture. Da gonakin nesa suka gagari zuwa, mutane da dama suka koma sarar itace da ƙona gawayi kusa da gari. Ba ma zargin mai neman abin sa wa a baka. Amma gawo ɗaya in ya faɗi, akuya ta rasa 'ya'yansa da rani, tsuntsu ya rasa sheƙa, gero ya rasa takin ganyensa.

Maganin yana nan ƙetaren iyaka. A 1983, a Maraɗi, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM, ya lura cewa kututturan gona ba matattu ba ne, saiwarsu na da rai. Manoma suka fara barin 'yan tohon da suka fi ƙarfi, suna datse sauran. Ta haka Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba tare da sayen dashe ba.

Don haka muna roƙon dattawa: kafin sharar gona ta bana, kowace majami'a ta zauna a kan wannan. A fara da filin majami'a da gonakin kusa. A bar tohon kalgo, sabara da gawo. A shawarci maƙwabtanmu Musulmi, manoma da makiyaya, gama inuwa ba ta tambayar addini.

Da rarrafe yaro kan tashi. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.