Bel Mai Iska Yana Tafe, Amma Kada Mu Jira Shi

Daga Wakilinmu na Arewa

Wai shin jama'a, me ya sa mutum zai shiga mota, ya ga bel rataye a kafaɗarsa, amma ya ƙi ɗaurawa sai ya hango ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra a gaba? In ka tambayi direbobinmu na tashar Agege, ko Mile 12, ko Sabon Badun, amsar da za ka fi ji ita ce zafi. Wani ya ce bel yana shaƙe shi. Wani ya ce yana jiƙa masa riga da gumi, ya bar masa zane daga kafaɗa har kwankwaso. Mai farar shadda kuwa cewa zai yi ba zai biya kuɗin wanki da bugu ba, sa'an nan ya sauka a gidan biki da baƙin layi a ƙirji kamar ɗan doka.

Ni dai ba na cikin masu cewa wannan magana ƙarya ce. Duk wanda ya taɓa maƙalewa cikin gosulo a kan gadar Third Mainland da tsakar rana, cikin motar da iyakwandishan ɗinta ya mutu, ya san gaskiya ce. Zafin Ikko ba irin na Sakkwato ko Maiduguri ba ne. Can Arewa a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, amma iskar busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa. A Kurmi iskar kanta cike take da laima, gumi ba shi da inda za shi. Shi kuwa bel da zaren roba ake saƙa shi, saƙa mai tsauri, faɗinsa kusan santimita 5. Ba ya shan ruwa, ba ya barin iska ta ratsa. Duk inda ya kwanta a jiki, nan gumi ke taruwa.

To, ashe masu ƙera motoci su ma sun san da wannan ƙorafi, kuma ba su ɗauke shi wasa ba. Tun a shekarar 1997 kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya fito da mota mai 'yan ƙananan fankoki a cikin kujera, waɗanda ke janye zafi daga bayan mai zama. Yau manyan motoci da yawa suna da irin wannan kujera. Daga kujera sai aka koma kan bel ɗin kansa. A 2019 kamfanin Mercedes-Benz ya nuna wata motar gwaji mai bel da ke ɗumama jiki. A farkon 2023 kuma kamfanin ZF na Jamus, mai yin kayayyakin mota, ya nuna nasa, wanda aka saƙa wayoyin lantarki sirara a cikinsa, yana ɗumi har digiri 36 zuwa 40. Dalilinsu shi ne motoci masu aiki da batir: ɗumama dukan cikin mota lokacin hunturu yana cinye batir, gara a kai ɗumin kai tsaye jikin mutum. Akwai kuma wata riba, wato idan bel yana da ɗumi, Bature zai tuɓe katuwar rigar sanyinsa, bel ya kwanta a jikinsa sosai yadda ya kamata.

Wannan duk maganin sanyi ne, ciwon masu abin. Namu ciwon zafi ne, kuma dabarar da ta shafe mu ita ce kishiyar waccan: bel mai hura iska. Yadda abin yake a tunanin injiniyoyi, a yi bel mai rami a ciki kamar tiyo shimfiɗaɗɗe, a huda masa ƙananan ƙofofi ta gefen da ke taɓa jiki, sa'an nan wata ƙaramar fanka ta riƙa tura iska ta ciki. Iskar ba sai ta yi sanyin ƙanƙara ba. Aikinta kawai ta busar da gumin da ke ƙarƙashin bel, domin bushewar gumi ita ke sanyaya jikin ɗan Adam.

Na ji wasu suna dariya, wai Turawa sun rasa aikin yi. Ni ban ga abin dariya ba. Bel ɗin da ya fi kowane ƙarfi a duniya ba shi da amfani muddin yana rataye a jikin ƙofa. Idan ɗan jin daɗi shi zai sa mutum ya ɗaura, ai jin daɗin ya zama maganar rai ke nan. Haka ma tarihin bel ya nuna. Kafin 1959 akwai bel na cinya kawai, da wasu masu wuyar ɗaurawa irin na matuƙan jirgin sama, mutane ba su damu da su ba. Sai wani injiniya na kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da wannan da muka sani, mai ratsa ƙirji da cinya, wanda ake ɗaurawa da hannu ɗaya cikin ƙiftawar ido. Sauƙinsa shi ya sa ya karɓu. Kamfanin kuma ya bar dabarar a buɗe, kowane maƙeri ya yi amfani da ita.

Amma fa a yi hattara, kada labarin bel mai iska ya zame mana wata sabuwar hujja, mutum ya ce sai ya zo zan fara ɗaurawa. Yin irin wannan bel ba ƙaramin aiki ba ne. Bel abu ne da ake ja a saki sau dubbai, yana naɗewa a kan ɗan ƙaramin gare, kuma ranar da aka yi karo dole ya riƙe nauyin da ya wuce tan 2 bai tsinke ba. Huda shi da sa masa tiyo, ba tare da an rage masa ƙarfi ba, sai an sha gwaji. In ma ya fito kasuwa, a motocin masu hannu da shuni zai fara. Mu kuwa mun san irin motocin da ke shigo mana ta Apapa da Tin Can da Kwatano: 'yan Tokunbo, waɗanda suka gama shekarunsu a Turai ko Amurka kafin su iso. Kafin bel mai iska ya iso tashar Alaba Rago, yaron da aka raɗa wa suna bana ya isa tuƙi. Kuma ya iso ɗin, ƙurar hunturu ta hanyar Kano za ta toshe ƙofofin cikin wata guda, fankar ta mutu, bakaniken gefen titi ya yanke wayar ya ce ba ta da amfani. Ina iyakwandishan ɗin motocin hayarmu? Ai da shi suka zo.

Kafin nan fa, mutane suna mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya, kuma a Afirka abin ya fi muni in aka kwatanta da yawan jama'a. Hukumar ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar direba da na kusa da shi da kusan rabi. Ba wani sihiri ba ne. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki abu ta tsaya cak, jikin mutum bai tsaya ba, yana nan yana tafiya da gudun nan, kuma dukan da zai sha daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar bene hawa uku. In gudun ya kai kilomita 100, ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kusan mita 40. Wane direban Ikko zuwa Kano ne ke tsayawa a kilomita 50 idan ya samu hanya ta miƙe?

A nan ne nake son iyaye mata su saurara. Uwar da ta rungumi jariri a kujerar gaba tana ganin ta riƙe shi gam. Lokacin karo nauyin yaron yakan ninka sau 20 zuwa 30, ba hannun da zai iya riƙe shi. Mai juna biyu ita ma ta ɗaura, sai dai ta sa igiyar ƙasa a ƙarƙashin ciki, kan ƙashin ƙugu, ba a bisa cikin ba. Na baya kuma kada ya ce shi ba ruwansa. Wanda bai ɗaura ba a baya, shi ke zama dutsen da zai daki ƙeyar na gaba.

Doka kam akwai ta. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari, kuma tun ranar 1 ga Janairu, 2003 ta fara tilasta ɗaura bel. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta yi tata dokar tun 1970, Ingila ta bi a 1983 ga na gaba, a 1991 ta haɗa da manya na baya. Mu abin da dokar ta koya mana shi ne dabarun kauce mata. Wani ya ja bel ya ɗora a kafaɗa ba tare da ya maƙala ba, da an wuce shingen ya sake shi. Wani ya maƙala shi ta bayan kujera ya zauna a kai, don ƙararrawar mota ta daina damunsa. Har ɗan ƙarfe ake sayarwa a gosulo na toshe bakin maƙalin. Mafi haɗari shi ne mai zura igiyar kafaɗa ta ƙarƙashin hammata wai don ya sha iska. Ranar karo, maimakon ƙashin kafaɗa da na ƙirji su ɗauki nauyin, sai haƙarƙari da hanta su ɗauka. Masu taƙama da balan-balan ɗin sitiyari su ma su sani, an yi shi ne ya yi aiki tare da bel. Da ƙarfin gaske yake fashewa, wanda ya tarye shi ba ɗamara zai iya ji masa mummunan rauni.

Akwai masu cewa in mota ta kama wuta ko ta faɗa kogi, bel zai riƙe mutum. Ai wanda kansa ya daki gilashi ya suma, shi ne ba ya iya fita. Mai bel yana cikin hayyacinsa, danna maɓalli ɗaya ne ya rage masa. Masu cewa kuma in ajali ya zo ba abin da zai tare shi, gaskiya suka faɗa, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya hau hanyar Jebba da motar da ya san ba ta da birki ba.

Shi zafin fa, akwai abin yi a kansa tun yau, ba sai an jira Jamus ba. Yawancin baƙin layin da ke ɓata riga datti ne na shekara da shekaru, gumin mutum ɗari da ƙura da baƙin mai. A jawo bel ɗin har ƙarshe, a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a sake shi ya naɗe. Kada a sa masa bilic ko fetur, suna cin zaren. Bel mai tsabta ya fi laushi, ya fi saurin komawa, ba ya ɓata shadda. Motoci da yawa suna da wurin ɗaga ko sauke bel a jikin ginshiƙin ƙofa, a daidaita shi ya bi tsakiyar kafaɗa, ya daina gugar wuya. Mai babbar riga ya naɗe ta ya ajiye, ya yi tafiyarsa da 'yar ciki, in ya isa ya sa abarsa ba ko tamoji. A aje mota a inuwa, ko a rufe gilashin gaba, don ƙarfen maƙalin kan yi zafin da zai ƙona hannu. Bel ɗin da ya fara zarewa, ko wanda aka taɓa yin babban haɗari da shi, canja shi ake yi, ba a kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke.

Sai dai babbar matsalarmu mu 'yan ci-rani ba ta mai motar kansa ba ce. Mu fasinjoji ne. Tafiyar wajen kilomita 1,000 muke yi, ta Ilori da Mokwa ko ta Lakwaja, cikin motar da aka cire kujerunta na asali aka walda benci don a ƙara layi. Mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a inda aka yi don uku. Bel ɗin wa za a ɗaura? Ban ma yi maganar 'yan'uwanmu da ke hawa saman tirela, bisa buhunan albasa ko kan katakon da aka gitta wa shanu, saboda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu ba. Su iska har ta yi musu yawa.

Don haka kirana ga shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin da ke lodin Arewa, da sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da Shagamu da Badun, waɗanda maganarsu ke da nauyi a tasha. Kamar yadda ɗan kamasho ba ya barin mota ta tashi sai an biya kuɗin lodi, haka ya kamata kada ta tashi sai an ga kowace kujera da bel mai aiki, kuma mutum ɗaya a kujerar gaba. Ita ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta rage tsayawa a kan kafaɗar direba kaɗai, ta leƙa baya ta ƙirga kawuna da bel. Kai kuma fasinja, lokacin tafiya gida Sallah, kafin ka miƙa kuɗinka ka ja bel ɗin kujerar da aka nuna maka, ka fizge shi da ƙarfi sau ɗaya. In ya cije, yana aiki. In ya biyo hannunka, ka nemi a canja maka kujera, ko ka jira mota ta gaba.