Ɗan Tsanyawa Da Kwanan Kogi

Sanin kowa ne cewa ƙasar Tsanyawa ƙasar noma ce. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, da zarar ya wuce Bichi, ba abin da zai gani dama da hagu sai gonakin gero da dawa da gyaɗa, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Yaron da ya tashi a nan ya san rijiya, ya san kududdufin da ke cika da damina ya ƙafe da rani, amma babban ruwa sai dai a labari. Ko da an ambace shi a gida, yawanci da gargaɗi ake haɗawa: kada ka je, akwai mutanen ruwa.

To, amma ruwan ya daɗe da zuwa kusa da shi. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga aikin datse koguna. An gama Tiga a 1974, daga baya Watari ta ƙasar Bagwai ta biyo. Abin da ba a kawo tare da ruwan ba shi ne sanin yadda ake zama da shi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a Watari ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi a Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara, hukuma kuwa ta ce lodi ne ya yi yawa. Bayan irin wannan rashi, ba laifin uba ba ne idan ya rantse ɗansa ba zai ƙara taka jirgi ba. Sai dai rantsuwar ba ta kare kowa, domin kasuwa da asibiti da zumunci suna nan a tsallaken ruwa, kuma wanda ya jahilci ruwa shi ne ya fi saurin halaka ranar da tilas ta sa shi shiga.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin da ke da hali, maimakon ya ƙarar da hutunsa na shekara a zauren hira, ya ɗebi iyalinsa ya kai su inda ruwa yake da masu shi. Yawuri, a Jihar Kebbi, misali ce mai kyau. Garin yana bakin Kogin Kwara, ta saman tafkin da ya taru bayan an gama madatsar Kainji a 1968, kuma a nan akwai Gungawa da Sarkawa waɗanda suka gaji ruwa kaka da kakanni. A ce maigida ya nemi iznin Sarkin Ruwa, ya sami matuƙi dattijo, aka tashi da hantsi, la'asar sakaliya aka ɗaure jirgi a wata tungar masunta, aka kwana. Abin da yaro zai gani a wannan yini da dare ɗaya, littafin ajin firamare ba zai ba shi ba. Zai ga zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya yana dakon kifi, ya ga garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya, ya ga masunci ya fito da giwan ruwa wanda ya kusa kai shi tsawo.

Idan dare ya yi tsaka zai ji gurnanin dorina. A nan ne darasin yake. Dorina ba ta cin nama, ciyawa take ci, da dare take fitowa tudu kiwo, takan cinye kimanin kilo 40 kafin asuba. Amma namijinta yakan kai kilo 1,500, tana iya nitsewa wajen minti 5 ba a ganinta, kuma idan jirgi ya shiga tsakaninta da ɗanta, to, sai yadda hali ya yi. Manoman shinkafa na bakin kogi ba su da kyakkyawan zance a kanta, kuma suna da gaskiyarsu, tun da yake a dare ɗaya takan tattake wahalar wata uku. Matuƙin kirki da ya hango kunnuwanta a saman ruwa sai ya rage gudu, ya ba ta fili, ya kewaye. Yaron da ya ga babban mutum ya kauce wa dabba ba tare da ya firgita ba ya koyi bambancin tsoro da hankali.

Wanda ba lalle a gani ba shi ne ayu, ko da yake babu Bahaushen da bai san sunansa ba, albarkacin masu tallar man ayu a kasuwanni. Da yawa sun ɗauka aljani ne ko wani irin kifi. Alhali dabba ce mai shayarwa, mai shaƙar iska, galibin abincinta ciyawar ruwa ce, ba ta kuma cutar kowa. Takan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, don haka duk wanda aka kashe, cike gurbinsa aiki ne. Doka ta 11 ta 1985 ta sa ayu cikin dabbobin da aka hana farauta da cinikinsu, amma har yau ana baje kwalabe a bainar jama'a. Ko man na gaske ne ko na jabu, wannan kuma tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Sai dai a lura da abu guda: kwana a bakin kogi daban, tafiyar dare daban. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta hana jirage tafiya da dare, domin a duhu ba a ganin kututturen da ruwa ya shanye, ba a kuma ganin dorina. Ko da rana ma wannan ruwa ba abin wasa ba ne, gama a watan Mayu na 2021 jirgi ya kife kusa da Warra da mutane fiye da 150 a ciki. Duk maigidan da matuƙi ya ce masa babu rigar kariya ga kowane yaro, ko ya ga ana ƙara buhu a kan buhu, to, ya sauke iyalinsa, ko da kuwa ya riga ya biya.

Ba kowa ne zai iya kuɗin motar Yawuri ba, wannan gaskiya ne. Amma Watari tana nan kusa. Da ƙananan hukumomin wannan yanki za su haɗa kai da Ma'aikatar Ilmi su keɓe wuri marar zurfi a bakin dam, su ɗauki masunta su riƙa koya wa 'yan firamare iyo da ɗaura rigar kariya lokacin hutun bazara, da abin da za a kashe bai kai kuɗin bikin buɗe ofis ɗaya ba.