ƘOFAR DA SAI DA WUTA TAKE BUƊEWA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, faɗa na zo yi, kuma da mu da mazajenmu duk sai na taɓa.

Wata Asabar cikin bazara muka tashi daga Gazara za mu biki Ikara, a motar mijin ƙawata. Irin 'yan Kwatanon nan ce, mai rimot, wadda in an danna sai ta yi ƙyaf-ƙyaf da fitila ta yi 'yar ƙara, yara su yi ta kallo. Muka isa 'yarta mai shekara biyu tana barci a kujerar baya. Uwar ta ce a bar ta, minti biyar ne, mu gaisa mu fito. Ni ma ban hana ba, Allah ya yafe mini. Maigida ya danna, mota ta kulle.

Da muka fito ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya buga rimot a tafin hannu, ya ɗaga shi sama kamar mai neman tashar rediyo. Yarinya ta farka tana ihu, gumi ya jiƙe mata riga sharkaf, fuska ta yi ja. Uwa tana dukan gilas da hannu tana salati. Shi kuwa gogan naku, wallahi tallahi da kunnena na ji shi yana cewa a dakata a kira bakanike, gilashin nan da tsada! Wata tsohuwa ce daga cikin masu daka ta fito da taɓarya, ba ta nemi izinin kowa ba, ta zagaya tagar gaba, can nesa da yarinyar, ta sauke mata ita a kusurwa.

Kun san abin takaicin? Da bakaniken ya iso sai ya karɓi rimot ɗin, ya ture wani ɗan maɓalli a bayansa, ya zaro makullin ƙarfe siriri. Ashe yana ciki tun ranar da aka sayi motar. Ramin makullin kuma yana ƙofar direba, an rufe shi da 'yar murfi don ado. Ɗan batirin rimot ne ya mutu, wanda bai fi kwabo faɗi ba. Shekara biyu mutum yana taƙama da mota bai san wannan ba.

To wannan ma mai sauƙi ke nan, tunda motar tana da makullin ƙarfe. Waɗanda ake ƙerawa yanzu, wasunsu hannun ƙofar ma ya shige cikin jikin mota, ba ka ganinsa sai wuta ta turo shi. Daga ciki kuma ba sakata kike ja ba, madanni kike dannawa, shi ya aika saƙo ta waya. In an yi haɗari waya ta tsinke, ko batir ya mutu, shike nan, kin zama kaza a akurki. Gilas ma ba zai sauka ba, don shi ma da wuta yake aiki. Mu da muka girma da NEPA, wa zai koya mana halin wuta? Ita ce za mu damƙa wa ran 'ya'yanmu?

Kada ki ce tsoron ƙauyanci ne. A watan Satumba na 2025 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta buɗe bincike kan motocin Tesla Model Y ƙirar 2021, kimanin 174,000, saboda iyaye sun kai ƙara: sun fito za su ɗauko yaro a baya, ƙofa ta ƙi, har wasu sai da suka fasa gilas. A ƙasar Sin, a watan Maris na 2025, 'yan mata uku ɗalibai suka mutu a lardin Anhui cikin motar Xiaomi SU7 da ta daki shingen kankare ta kama da wuta. A watan Oktoba na shekarar, a birnin Chengdu, mutane suka taru suna jan ƙofar wata Xiaomi tana ci da wuta, ta ƙi buɗewa, direban ya ƙone a ciki. Sai da aka yi haka gwamnatin Sin ta kafa doka cewa daga farkon 2027 sabuwar mota dole ta zo da hannun da zai buɗe ba tare da wuta ba, ciki da waje.

Masu kare su za su ce ai an sa hannun gaggawa. Gaskiya ne, a gaba yana kusa. Amma a kujerar baya, inda mu da yara muke zama, a wasu motocin an ɓoye shi ƙarƙashin shimfiɗar aljihun ƙofa. Haba jama'a! Hayaƙi ya cika mota, goyo a hannu, sannan zan fara lalube kamar mai neman allura?

Kuma kada a ce ina ruwan Gazara da Tesla. Ina motocin da Amurka ta gama da su suke zuwa? Ta Legas da Kwatano suke shigowa, da yawansu ma waɗanda suka taɓa haɗari ne aka gyara. Abin da ya ƙi buɗewa a kan titinsu mai santsi, shi ne zai zo ya sha ramukanmu da zafin Afrilu, ga manyan motoci maƙare da rake daga Maƙarfi da Kudan suna rige-rige da mu a hanyar Zariya zuwa Kano.

Ke kuma budurwa mai auna saurayi da ƙyaf-ƙyaf ɗin rimot, kafin ki hakimce a gidan gaba ki ce ya nuna miki yadda ake fita in mota ta mutu. Ke matar aure, ki sa maigida ya zaro miki makullin ƙarfen nan ki gani da idonki, ki gwada shi a ƙofa. Ki buɗe ƙofar baya ki duba gefenta, akwai ɗan maɓallin da ke hana yara buɗewa daga ciki, ki san ko a kunne yake. In ya ce me ya haɗa mace da sha'anin mota, ki tambaye shi wa ke zama a baya da yara.

Ƙawata dai tun daga ranar ba ta shiga motar sai da ƙaramar guduma a jaka, tare da turare da hoda. Mijin har yau yana mitar kuɗin gilas.