SHARHI: Me ya sa sankarar mama ke bijire wa magani? Daga ɗakin bincike zuwa Matsinkai

A watan Oktoban 2024 ne Ƙungiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Duniya, UICC, ta zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu a matsayin shugabarta mai jiran gado, 'yar Afirka ta farko da ta kai wannan matsayi. Uwargidan tsohon Gwamnan Jihar Kebbi, Atiku Bagudu, ta shafe shekaru tana kira ga mata da su riƙa duba jikinsu, su kuma garzaya asibiti da zarar sun ji ƙullutu a mama.

Kiran yana kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ke biye da shi. Idan mace daga Matsinkai, a Ƙaramar Hukumar Bagudo da ke iyaka da Jamhuriyar Benin, ta amsa kiran, ta isa asibiti, aka fara yi mata magani, me ya sa sau da yawa ciwon kan lafa na 'yan watanni sannan ya dawo da ƙarfinsa?

Alƙaluma sun nuna girman lamarin. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu. Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2020, wanda ya bibiyi marasa lafiya a ƙasashen Afirka biyar, ya gano cewa kashi 36 cikin 100 ne kawai na matan Najeriya da aka bibiya ke raye shekara uku bayan gano cutar.

Birkin da ke tsinkewa

Jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ke hayayyafa ta hanyar rabuwa gida biyu. Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta girma, ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, ta kuma wuce wasu shingayen bincike. Idan akwai kuskure a kwafin, a tsayar da ita a gyara, ko a hallaka ta. Gano wannan tsari ne ya sa Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse suka sami kyautar Nobel a 2001.

Wasu sinadarai da ake kira CDK4 da CDK6 su ne ke tura ƙwayar gaba. Wasu kuma, irin su RB da p53, su ne birki. Cutar daji ita ce halin da birkin ya tsinke, ƙwayoyin suka yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa.

A kan wannan ilimi aka gina sababbin magunguna. A 2015 Amurka ta amince da palbociclib, wanda ke toshe CDK4 da CDK6, sai ribociclib da abemaciclib a 2017. A wani babban gwaji, matan da aka haɗa wa palbociclib da tsohon magani sun yi kimanin wata 25 kafin ciwon ya ci gaba, yayin da masu shan tsohon maganin kaɗai suka yi wata 14 da rabi.

Amma ciwon yakan nemi wata hanya. Ƙari guda yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi da ba iri ɗaya ba. Magani yakan kashe masu rauni, ya bar 'yan tsirarun da suka zubar da birkin RB gaba ɗaya, ko suka koma amfani da wani sinadarin mai suna CDK2. Waɗannan su ke hayayyafa su cike gurbin. Wannan shi masana ke kira bijirewar magani.

Abin da Olopade ta gano

Akasarin wannan bincike a jikin Turawa aka yi shi. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta karanta likitanci a Jami'ar Ibadan, take kuma aiki a Jami'ar Chicago, tana cikin waɗanda suka ƙi yarda a ɗauka cewa abin da aka gani a can shi ne a nan. Tun 1998 ita da abokan aikinta a Ibadan suke tattara bayanan mata masu sankarar mama.

A 2009 suka wallafa nazari kan samfuran ƙari sama da 500 daga Najeriya da Senegal, inda suka ce mafi yawansu ba sa dogara da sinadarin mata na istirojin wajen girma. Wannan magana ce babba, domin palbociclib da 'yan uwansa, har ma da tsohon magani mai araha tamoxifen, an tanade su ne don ƙarin da ke dogara da istirojin. A 2018 kuma suka nuna cewa lalacewar birkin p53 ta yawaita a ƙarin matan Najeriya fiye da na matan Amurka da aka kwatanta su da su.

Wasu masanan sun ja hankali cewa wani ɓangare na sakamakon 2009 yana iya kasancewa daga rashin adana naman da aka yanko yadda ya kamata. Idan aka jinkirta saka shi a ruwan adanawa, gwaji yakan nuna babu alamar istirojin alhali akwai. Ko wanne ne gaskiya, darasin ɗaya ne: ba a san maganin da ya dace da mace ba sai an yi wa ƙarinta gwaji mai inganci. Kuma samfuran Olopade galibi daga kudu suke. Sanin da ake da shi kan matan Arewa maso Yamma bai taka kara ya karya ba.

Bijirewar da talauci ke haifarwa

A nan ne labarin ya iso Matsinkai. Macen da ta fito daga wannan yanki sai ta kai Birnin Kebbi kafin ta sami babban asibitin tarayya. Idan ana bukatar gashi da na'ura, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko ma gaba da nan. Kowace tafiya kuɗin mota ne, da na mai jinya, da na abinci da makwanci.

Allurar kemo, wadda ita ce mafi yawan marasa lafiya ke samu, tana kashe ƙwayoyin da ta riska suna cikin rabuwa ne. Shi ya sa ake maimaita ta, yawanci duk mako uku, sau shida ko takwas, don a riski waɗanda suka tsira kafin su yi yawa. Tun 1981 likitan Italiya Gianni Bonadonna ya nuna cewa matan da suka sami aƙalla kashi 85 cikin 100 na adadin da aka tsara musu su ne suka fi cin moriya.

Iyalin da suka sayar da akuya suka biya zagaye na farko, suka jingine gona suka biya na biyu, sannan suka tsaya jiran girbin shinkafa kafin na uku, sun ba ciwon sarari ba tare da sun sani ba. Idan ya dawo, sai a ce maganin asibiti ba ya yi, ko a ce jifa ne, a koma wurin mai magani. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara tsadar magungunan, domin daga waje ake shigo da akasarinsu.

Sai kuma ingancin maganin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. A 2025 wani bincike a Kamaru da Habasha da Kenya da Malawi ya gano cewa kusan ɗaya cikin shida na magungunan cutar daji da aka gwada ba su ɗauke da adadin sinadarin da aka rubuta a jikinsu. Ba a haɗa da Najeriya ba, amma garin da ke bakin iyaka, inda kaya ke shiga da fita ta Tsamiya da hanyoyin daji, ba shi da hujjar sakin jiki.

Inda ya kamata a matsa

Hukumomin da za a tambaya suna nan. Akwai Cibiyar Bincike da Kula da Cutar Daji ta Ƙasa, NICRAT, wadda aka kafa da dokar 2017, ta kuma fara aiki a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu. Akwai Asusun Tallafin Masu Cutar Daji na tarayya da ya soma a 2021 da asibitoci shida, inda Asibitin Koyarwa na ABU Zariya ya wakilci Arewa maso Yamma. Kebbi kuma tana da rajistar masu cutar daji.

Tambayoyin da suka dace a yi musu guda uku ne. Cikin matan Kebbi da aka gano suna da sankarar mama, nawa aka yi wa ƙarinsu gwajin istirojin kafin a fara magani? Cikin waɗanda suka fara kemo, nawa suka kammala a kan lokaci? Nawa ne daga ƙananan hukumomin bakin iyaka irin su Bagudo suka amfana da asusun tallafi?

Ya kamata a riƙa wallafa waɗannan alƙaluma duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Tallafi kuma ya zama na dukan zagayen magani, haɗe da kuɗin mota, domin biyan rabin magani asarar kuɗi ce da ta rai. A kuma shigar da asibitocin Birnin Kebbi da Sakkwato cikin binciken ƙwayoyin gado, don a san irin ƙarin da ke addabar matan yankin.

Bijirewar da ke fitowa daga cikin ƙwayar halitta aikin masana ne, kuma za ta ɗauki shekaru. Wadda rashin gwaji da yankewar magani ke haifarwa kuwa an san maganinta tun tuni, kuma a kasafin kuɗi yake. Matasan da ke bin diddigin kasafin Kebbi da na tarayya suna da damar neman wannan layi, su tambayi nawa aka ware, nawa aka saki, kuma nawa ya isa Bagudo.