Rana Kyauta Ce, Amma Faranti da Awo Ake Sayensa

  

Maganarmu ta yau a kan farantin sola ce, wanda waɗansu ke ce wa fanel, da ɗora shi bisa rufin mota. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu mai da ƙaramar bas ɗakin kwana, su sa mata gado da murhu, su kafa mata faranti a sama, su tafi yawon shan iska. Su don nishaɗi suke yi. Mu kuwa a nan, kwana cikin mota neman abinci ne ya kawo shi. Wanda ya ɗauko shinkafa daga Tudun Wada ko masara daga Doguwa, ya bi ta Kwanar Dangora ya nufi Dawanau, sau da yawa motar nan ita ce ɗakinsa kwana biyu ko uku, kafin a sauke kaya a biya shi. Haka malamin da ke fita wa'azi ƙauyuka da lasifika, haka mai tallan magani ko na yadi da ke bin kasuwanni. To, ra'ayinmu shi ne, irin waɗannan mutane sun fi Bature cancantar faranti a mota. Amma da sharaɗi guda: a yi awo kafin a buɗe lalita. Wanda ya saya da ka, ya sayi baƙin ciki da kuɗinsa.

Dalilin da ya sa muka ce ya cancanta a fili yake. Tun ranar 29 ga Mayu 1999 ba a yi wani jawabin rantsuwa da ya taɓa aljihun mai mota kamar na 29 ga Mayu 2023 ba, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Direban da ya saba barin inji yana ruri don ya yi cajin waya ko ya kunna fitila, yanzu kuɗi yake ƙonawa tsagwaronsu. In kuwa ya kashe inji ya ci gaba da jan wuta daga batirin mota, da asuba sai a nemi masu turi. Mafi muni, mai kwana cikin mota a rufe inji na aiki, ko da ɗan janareta kusa da kansa, yana wasa da ransa, gama hayaƙin nan yana ɗauke da guba marar wari, mai kashe mutum cikin barci. Faranti ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, ba ya shan mai.

Abin kuma ba baƙo ba ne. Tun 1954 masana a Amurka suka ƙera na farko mai amfani, wanda ke mai da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa wutar lantarki. Na yanzu yana mai da wajen kashi 20, kuma galibinsa daga ƙasar Sin yake fitowa, shi ya sa kuɗinsa ya sauko har talaka ke iya taɓawa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso, nan Kano. Makiyayan dajin Ɗansoshiya ma, inda gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa musu matsuguni, sun san ɗan ƙaramin farantin da ake jinginawa jikin bukka don cajin waya. Abin da ya yi aiki a ruga zai yi a rufin mota.

To, yaya awon yake? Ku ɗauki batir kamar randa, faranti kamar mai ɗebo ruwa, fitila da fanka da waya kuwa su ne masu sha. Ƙarfin faranti da wat ake faɗinsa. Mudun wuta kuwa shi ne wat guda da ya yi aiki awa guda, mu kira shi wat-awa. A ƙasarmu, in aka tattara hasken yini duka, ya kan yi daidai da awa 5 ko fiye na rana tsaka. Sabo da haka faranti mai wat 100 a lissafi zai tara wat-awa 500. Amma zafi da ƙura da wayoyin wuta suna cin rabonsu, sai a cire rubu'i, ya rage 375. Wannan shi ne abin da ke shiga randa a yini mai kyau.

Sai a juya ga masu sha. Ƙwan fitila biyu, kowane mai wat 5, awa 5, sun sha 50. Wayar hannu huɗu, kowace wajen 15, sun sha 60. Fanka ƙarama mai wat 20, awa 8, ta sha 160. Jimla 270. Ka ga faranti guda mai wat 100 ya ɗauki nauyin wannan har da 'yar rara. Amma in ka ce sai ka ƙara firji, to, sai ka ƙara faranti ɗaya ko biyu. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, awa guda tak zai shanye abin da faranti ya tara cikin fiye da kwana biyu. Wannan lissafi bai fi ƙarfin wanda ya iya rabon gado ko fitar da zakka ba, balle wanda ke ƙidayar buhu ɗari yana cire kuɗin dako da na la'ada a ka.

Randar ma tana da hukuncinta. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗaukar wat-awa 1,200. Amma in na dalma ne, rabi kaɗai ake sha, watau 600, in ana so ya yi ƙarko. Mai kwashe shi ƙarƙaf kullum, ba zai shekara da shi ba. Na litiyam ya fi tsada, amma ya fi sauƙin nauyi, ya fi jimiri, kuma ana iya shan mafi yawansa. Kowanne ka saya, ka ware shi daban da batirin tayar da mota, don kada fanka ta cinye abin da za ka tashi da shi.

Akwai abu biyu ƙanana da masu son araha ke tsallakewa, alhali su ne masu tsaron dukiyar. Na farko kwantirola, wadda ke tsakanin faranti da batir. Faranti ya kan fitar da wajen bolt 18, batir kuwa 12 ne, in babu mai tsaron bakin randa sai ta cika ta yi ambaliya, batir ya kumbura ya lalace. A haɗa batir da kwantirola tukuna, sa'an nan a haɗa faranti. Na biyu fis, wanda ake sawa dab da kan batir. Mota kullum cikin girgiza take, waya tana gogar ƙarfe har ta saɓule. Ranar da ta saɓule, in da fis, fis ne zai ƙone. In babu, motar ce, da kayan mutane a ciki. Sai a sa waya mai kauri, a bi da ita cikin roba inda ta ratsa ƙarfe, a toshe hudar rufi da kyau sabo da damina.

Wajen kafawa, a ɗaure faranti da ƙusa mai noti bisa ƙarfe, kada a amince da igiya, gama iskar hanya tana iya fizge shi ta jefa wa na baya. A bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da rufi don iska ta ratsa, domin faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Kada a ɗora masa buhu ko tabarma, inuwar da ta rufe kusurwa guda tana iya karya ƙarfinsa da yawa. Lokacin hunturu a riƙa share masa ƙura da tsumma mai laushi kowace safiya. A watan Agusta kuwa, sa'ad da hadari ke rufe sama, a rage buri.

Wani zai ce, tun da rana kyauta ce, me zai hana faranti ya tuƙa motar ɗungum, a huta da gidan mai? Amsa ita ce rufin bai isa ba. Rufin bas bai wuce ya ɗauki faranti na wat ɗari uku ko huɗu ba, injin mota kuwa dubban wat yake bukata, har dubu goma-goma. Ko a Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mai da ƙananan bas masu aiki da lantarki, babban batir ne ke jan motar, kuma sai an tsaya an yi masa caji. Duk wanda ya ce maka faranti guda zai kai ka Jos ta dajin Falgore ba mai, ka riƙe aljihunka.

Wani kuma zai ce kuɗin farko da yawa. Gaskiya ne. Amma kuɗin mai kullum ake biya, na faranti sau ɗaya, kuma mai kyau ya kan yi shekara ashirin yana aiki, batir ne kaɗai ake sakewa. Wanda bai iya duka ba ya fara da ƙarami na fitila da waya. Wanda kuma motarsa kullum tana gida da dare, ba ya kwana a hanya, ba mu ce lalle sai ya saya ba. Kayan aiki ne, ba na ado ba.

Saura babbar magana, wadda ta shafi malamai da 'yan kasuwa baki ɗaya, ita ce algus. Akwai faranti a kasuwa da aka manna wa takardar ƙarya, ƙarami a rubuta masa lambar babba. Akwai tsohon batir da aka wanke aka sake wa kwali. Ga ma'auni mai sauƙi: faranti mai wat 100 na gaskiya ya kan kai wajen mita guda a tsawo, rabin mita a faɗi. In ka ga mai wannan girma an rubuta masa 300, takardar ce ta yi ƙarya, rana ba ta yi. Ka sa a gwada maka shi da mita a tsakar rana kafin ka biya, ka karɓi rasit mai sharaɗin mayarwa. Araha ba ta ado, matambayi kuma ba ya ɓata.

Ya ku malamai, kun fi mu sanin abin da Suratul Muɗaffifina ta ƙunsa game da masu tauye mudu, da abin da Risala ta kawo a babin ciniki game da ɓoye aibin haja. Wat mudu ne kamar kowane mudu. Wanda ya sayar da wat 100 da sunan 200, da shi da mai danna gindin tiya duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Muna roƙo ku faɗi wannan a majalisin karatu da kan mumbari, da sunan abin, don mai shago ya san hukuncin ya iso kansa. Haka kuma ku tunatar da direbobi cewa mota amana ce, ba a huda rufinta sai da iznin mai ita. Su kuma shugabannin kasuwa da na tasha, su san masu haɗa sola na kirki a garuruwansu, su riƙa nuna wa baƙo su. Samarinmu da suka sauke Alkur'ani suna neman sana'a, ga sana'a nan mai tsabta, a tura su su koya a hannun gwanaye.

Allah ya hore mana rana fiye da yawancin ƙasashen da ke ƙera farantin. Abin da ya rage namu ne: mu ƙidaya abin da za mu sha, mu auna abin da za mu saya, mu faɗi gaskiya in mu ne masu sayarwa. Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a fatauci, ya tsare mu da cin haram. Wassalamu.