Takardar da ta fi buhun albasa nauyi

'Yan'uwa na Adjamé da Treichville, da ku masu kai-komo tsakanin Abidjan da iyakokin Noé da Pogo da Laléraba, maganarmu ta yau ta takardun kaya ce, don a nan ake cin guminku tun kafin kaya su iso kasuwa.

Ku fara da sanin abin da doka ta ba ku. Tun 1979 CEDEAO ta amince cewa amfanin gona da dabbobi da aikin hannu na ƙasashenta su ƙetare iyaka ba tare da kuɗin duwan ba. Yarjejeniyar 2003 ta ƙara da cewa irin waɗannan kaya ba su buƙatar takardar shaidar asali. Ƙungiyar UEMOA, ta masu kashe sefa, ita ma ta yafe duwan a kan amfanin ƙasa tun 1996. Wato albasar Galmi da ke sauka a Adjamé, da goron Anyama da ke tafiya Arewa, da shanun da ake korowa Port-Bouët, duk 'yan gida ne a idon doka. Ba mu ce babu takarda ko ɗaya ba. Akwai bayanin kaya a gaban duwan, akwai shaidar lafiyar tsiro ko ta dabba, kuma dole ne, don ba mai son a shigo masa da ciwon shanu. Amma mutum nawa ne cikinku aka taɓa karanta wa wannan doka da harshen da yake ji?

To, ga hanyar da gwamnati ta shimfiɗa wa mai shigo da kaya. Sai ka yi rajistar kasuwanci. Sai ka karɓi lambar biyan lanho. Sai ka je ma'aikatar ciniki a ba ka lambar mai shigo da kaya da fitarwa. In kayanka sun kai sefa 500,000, sai ka cika takardar FDI tun kafin su taso. In sun kai miliyan ɗaya, sai rahoton RFCV, wanda ke faɗin rukunin kayan da ƙimarsu, kuma a kansa ake yanka maka duwan: kashi 0, 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari, bisa jadawalin bai-ɗaya na CEDEAO da ya fara aiki a 2015. Mai kayan jirgin ruwa yana da ƙarin takardar BSC. Bayan duk wannan, ba kai za ka shigar da bayaninka a kwamfutar duwan ba, sai ka ɗauki dillalin duwan mai lasisi, ka biya shi ladansa.

A 2013 aka buɗe GUCE, taga guda ta intanet da ake bi a yi waɗannan takardu. Gaskiya ɗaya ce, ta rage wa manyan 'yan kasuwa yawon ofis-ofis. Mai kwantena hamsin a tashar jiragen ruwa, da akawunsa da lauyansa, ya samu sauƙi, kuma ba ma yi masa hassada. Sai dai an ɗinka rigar a jikinsa ne, aka miƙa wa kowa. Komai da Faransanci, kuma ba Faransancin kasuwa ba, na ofis, wanda ko mu da fassara ce sana'armu sai mun buɗe ƙamus. Hajiyar da ke sayo atamfa da takalma 'yan dozin, da Alhajin da ya haɗa kuɗi da mutum biyar suka cika mota guda da albasa, ina za su sa kansu?

Kun san amsar. Ana damƙa kaya a hannun mai mota ko wani ɗan kamasho, a ce masa ya san yadda zai yi. Ya faɗi kuɗi a dunƙule, ba rasit. Nawa ya shiga baitulmali, nawa ya tsaya a shingayen hanya, Allah masani. Ranar da aka tsare mota, mai kaya ba shi da takarda ko guda da sunansa da zai nuna. Albasa kuwa ba ta jiran sasanci. Kwana uku a rana cikin buhu, ta fara ruɓa, uwar kuɗi ta tafi. Abin da ya tsira kuma a kan mai saye ake fanshewa, har mai garba na bakin titi da ke yanka ta a kan aceke.

Kada ku manta da lokacin korona. An rufe iyakoki a watan Maris na 2020. Jiragen sama sun dawo aiki a watan Yuli na wannan shekara, amma iyakokin ƙasa sai Fabrairun 2023 aka buɗe wa matafiya. Kusan shekara uku ke nan mai tafiya da kayansa a motar haya yana zaune, ko yana ratsa daji a kan babur. Daga nan za ku gane wanda ake tunawa da shi in an zauna yanke shawara.

Yanzu ga sabon ruɗani. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ake ta raɗe-raɗin cewa rangwamen ya ƙare. CEDEAO da kanta ta sanar cewa a ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa tsohon tsari har sai an ji wata sanarwa. In wani ya ce muku doka ta sauya, ku ce ya nuna muku a rubuce. Gwamnati ce ya kamata ta yi wannan bayani a rediyo da tashoshin mota, ba mu ba.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ba daga sama muka ƙirƙiro shi ba. A gabashi da kudancin Afirka, ƙasashen COMESA irin su Zambiya da Malawi suna da tsarin ƙananan 'yan kasuwa: in kayanka ba su wuce dalar Amurka 2,000 ba kuma suna cikin jerin da aka amince, gajeriyar takarda za ka cika a bakin iyaka da kanka, ba dillali, ga kuma teburin mai yi maka bayani. Muna son irinsa a nan. Muna son a kafa allo a kowace iyaka, da tashar Adjamé, da babbar kasuwar Treichville, a rubuta kowace takarda da kuɗinta da Faransanci da Julanci da Hausa. Kowane biya kuma, ko na dala ɗaya ne, ya zo da rasit mai hatimi.

Mun san da yawa cikin masu wannan wahala baƙi ne, ba su da ƙuri'a a Kodebuwa. Ku da kuke 'yan ƙasa, masu katin zaɓe, ku ne bakinsu, tun da mota ɗaya ke ɗauko kayanku. Duk ɗan takarar da ya shigo unguwa da riguna da shinkafa, har namu, ku zaunar da shi a gaban sarkin Hausawa ku tambaye shi: takarda nawa mai buhu ashirin na albasa ke buƙata daga Laléraba zuwa Adjamé, kuma nawa ne kuɗin kowace?